Ladan Aiki da Haƙƙin Mai Ba da Aiki: Sharhi a kan Cinikin Masu Sana'ar Hannu

Duk wanda ya saba zama a inda ake sulhunta mutane, ko a zauren mai unguwa, ko a ofishin Hisba, ko a gaban alƙali, zai shaida cewa ba ƙaramin kaso ba ne na husumar da ake kawowa yake tashi tsakanin mai sana'a da wanda ya ba shi aiki: tela da mai yadi, magini da mai gida, bakanike da mai mota, mai gyaran waya da mai waya, mai girkin biki da uwar amarya. Abin da ya fi ba da tausayi a cikin al'amarin shi ne, in aka saurari kowane ɗayansu da kunnen adalci, sau da yawa sai a tarar babu maha'inci a cikinsu, illa dai mutum biyu ne masu mutunci waɗanda suka shiga mu'amala ba tare da sun ƙulle magana ba, kowa yana riƙe da wani adadi da wata rana a cikin zuciyarsa, yana zaton ɗan'uwansa ya sani, har aiki ya ƙare, sa'an nan aka buɗe baki a lokacin da buɗe baki ba ya haifar da kome sai ɓacin rai.

Asalin wahalar yana cikin ɗabi'ar abin da ake sayarwa. Mai tireda da mai rumfa a Kantin Kwari suna sayar da abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa, mai saye ya juya shi, ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama masa, kowa ya kama gabansa. Amma mai sana'ar hannu yana sayar da abin da bai wanzu ba tukuna a sa'ar da ake ciniki, wato ƙwarewarsa da lokacinsa da alkawarinsa, kuma mai saye ba shi da abin da zai auna su da shi sai zato mai kyau da abin da ya ji daga bakin mutane. Saboda haka cinikin aiki ya fi cinikin haja bukatar bayani, alhali kuwa a ƙasarmu shi ne aka fi yi da ƙarancin bayani, domin kunya tana hana mai sana'a ya yanka kuɗi, sai ya ce a bari sai an gama, ko ya ce a kawo abin da ya sauwaƙa, shi kuma mai ba da aiki kunya ta hana shi matsawa, don kada a ce ya ɗauki mutum ɗan ƙwadago.

Ba na cikin masu zargin wannan kunya da cewa wauta ce, gama a zamanin da aka gina ta tana da ginshiƙin da ya riƙe ta. A da, wanzamin gida sananne ne, shi ke yi wa jariri askin suna kamar yadda ubansa ya yi wa uban jaririn, kuma kowa a gari ya san abin da ake ba shi. Maƙeri yana gyara wa manomi garma da fartanya da bazara, ya jira kaka a kai masa dami. Ga kuma Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Magina, waɗanda in saɓani ya taso ake kai musu, su yanke bisa ga abin da aka gada. Al'ada ce ke riƙe da farashi, saboda haka bakin mutum ya huta da faɗinsa. Malaman fiƙihu ma sun san da wannan. Asalin hukunci, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, shi ne ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma san iyakar aikin ko ajalinsa, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai kai wa ga jayayya; amma sun yi sassauci a inda al'ada ta zaunar da ladan har ya zama kamar an faɗe shi, kamar mutumin da ya saba da telansa, ba sa taɓa saɓawa a kan kuɗi. In kuwa aka yi aiki ba a ambaci kome ba, aka zo aka saɓa, sai alƙali ya koma ga ladan da ake ba irin wannan ma'aikaci a kan irin wannan aiki a wannan gari.

To, wannan ginshiƙi shi ne zamani ya rushe, kuma a nan ne nake ganin zuciyar mas'alar take. Al'ada ba ta iya riƙe farashi sai in kuɗi yana zaune wuri ɗaya tsawon da mutane za su haddace shi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekara ta 2024 ta fita kuma ta taɓa 1,000 a wurare da dama; dalar Amurka da gwamnati ke canzarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500; a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni; hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma ta bayyana cewa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar 2024. A irin wannan hali, mai gida da ya yi gini bara yana riƙe da kuɗin bara a kansa, magini kuwa da ya sayi shinkafa jiya yana riƙe da kuɗin jiya, kuma kowannensu, in ya rantse cewa abin da ya faɗa shi ne abin da aka saba, bai yi ƙarya ba. Sharaɗin da ya sa aka yi sassauci ya gushe, saboda haka hukunci ya koma asalinsa, wato a faɗi lada tun kafin a sa almakashi a yadi, ko a ɗora tubali a kan tubali.

Sai dai mutum ba ya faɗin abin da bai sani ba, kuma da yawa daga masu sana'armu, duk da gwanintar hannunsu, ba su san nawa aikinsu yake ci musu ba. Abin da suke yi shi ne su dubi abin da maƙwabcin shago ke karɓa, su karɓi kamarsa ko su rage kaɗan, alhali shi ma maƙwabcin wani ya duba. Bari mu ɗauki misali na ƙaddarawa kawai, domin a ga yadda lissafin yake tafiya, kowa kuma ya sa nasa adadin. A ce tela yana biyan hayar shago naira 240,000 a shekara, wato 20,000 a wata. Fetur na janareta da kuɗin wuta da gawayin guga suna cin 40,000. Abincin yaran shago da ɗan abin da yake sallamarsu da shi 30,000. Gyaran keke da allura da mai 10,000. Jimla naira 100,000 ke nan a wata, wadda za ta fita ko ya yi ɗinki ko bai yi ba. In yana gama riga da wando kala 40 a wata, kowace kala ta ɗauki 2,500 tun kafin a ƙirga zare da maɓalli da abin da ake sa wa wuya ya tsaya, waɗanda in muka ce 1,000 ne, sai ta zama 3,500. Idan wannan bawan Allah yana karɓar 5,000 a kan kala, yana ganin kamar ya sami 200,000 a wata, amma haƙiƙa abin da ya rage masa 60,000 ne, wanda bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a 2024 ba, ga shi kuwa shi ne mai jari, shi ne gwani, shi ne mai ɗaukar asara in an ɓata yadi, kuma bai ajiye ko kwabo ba domin ranar da keken zai mutu gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da lissafin bai nuna ba, wato sa'o'in da ba a biya: wanda aka ɓatar wajen gwaji da sauraron yadda ake son wuya da hannu, da zuwa kasuwa neman zaren da ya dace da launin shadda, da zaman jiran wuta, da bin bashi. Haka nan shekara ba ta tafiya bai ɗaya. Tela yana da azumi da gabanin babbar salla da lokacin bukukuwa, sa'an nan ya shiga watannin da ƙuda kaɗai ke shiga shago, magini kuma aikinsa yana ja baya in damina ta yi ƙarfi. Farashin da ya ishi mutum a watan cunkoso kaɗai, bai ishe shi ba, sai ya zama a cikinsa akwai ɗan abin da zai ci a watan da babu. Na ga yana da kyau ƙwarai mai sana'a ya yanka wa kansa albashi sananne, ya raba aljihun shago da na cefane, musamman yanzu da buɗe asusu na biyu a waya, a OPay ko Moniepoint ko wani banki, ba ya ɗaukar fiye da zama ɗaya. Gama wanda yake cefane daga kuɗin da aka ba shi na sayen siminti ko yadi, ba da niyyar cin amana ba, yana haƙa wa kansa ramin da zai cike shi da kuɗin mutum na gaba, na gaban kuma da na wanda ke biye, har ranar da aiki ya yanke, asiri ya tonu.

Rashin sanin ƙimar aiki shi ne kuma ya haifar da wata cuta da ta zama ruwan dare, wadda ya wajaba a faɗe ta a fili, wato cusa riba a ɓoye cikin kuɗin kaya. Bakanike ya san in ya ce kuɗin hannunsa 15,000 ne za a yi ta ja da shi har a kai 5,000, amma in ya ce ƙarfen da za a sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka 40,000 ne, alhali 30,000 ne, ba mai cewa uffan. Saboda haka sai ya rage na hannu, ya ƙara na kaya. Ina jin uzurinsa, domin mutanenmu suna girmama ƙarfe da siminti fiye da gumi da sani, suna ganin wanda ya gano matsalar mota cikin minti biyar bai yi aikin kome ba, ba su tuna shekarun da ya yi a ƙarƙashin motoci kafin kunnensa ya iya jin wannan ƙara. Amma uzuri ba ya halatta abin. Wanda aka ba kuɗi ya sayo wa mutum kaya wakili ne, wakili kuwa amintacce ne, ba shi da ikon ya ci riba a kan wanda ya wakilta shi ba da saninsa ba. Mafita biyu ce, duka halal: ko ya ce shi zai sayar da kayan a kan kaza, mai mota ya yarda ko ya je ya sayo da kansa, ko kuwa ya kawo rasidi na gaskiya, ya ce ga kuɗin kaya, ga ladan zuwa kasuwa, ga kuɗin aiki. Wanda ya daure a kan wannan zai rasa wasu a farko, amma zai sami abin da ya fi tsada a wannan fanni, wato a riƙa aiko masa da mota a hannun direba ko yaro, ba tare da mai ita ya zo ya tsaya a kansa ba.

Game da yadda ake faɗin kuɗi kuwa, tayi da ragi al'adarmu ce, ba kuma laifi ba ne a bar ɗan wurin da za a rage, muddin mai sana'a ya san ƙasan da ba zai sauka ba, ya kuma iya cewa albarka da sakin fuska. Abin da ya fi amfani, in mai ba da aiki ya ce kuɗin ya yi masa yawa, shi ne a rage aikin tare da kuɗin, a ce masa a wannan adadi za a yi ɗinki ba aiki a wuya, ko a yi fenti shafi biyu maimakon uku, domin ya zaɓa da idonsa a buɗe. Amma wanda ya karɓi rabin kuɗi da baki, sa'an nan ya rama a ɓoye ta hanyar rage siminti a kwaɓi, ya shiga sahun masu tauye mudu waɗanda sura guda ta sauka da sunansu. Shi kuma mai karya farashi don ya kwashe mutanen maƙwabcinsa, ya sani cewa kansa ya fara yanka, domin masu bin araha ba su da amana ga kowa, gobe in wani ya fi shi sauƙi can za su koma. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya wuce Haɗibu ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya umarce shi da ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwar, kuma malamanmu da yawa sun fahimci wannan a kan hana mutum ɗaya ya ɓata wa jama'ar kasuwa ciniki. In lokacin ƙarin kuɗi ya zo, wanda a wannan zamani yana zuwa fiye da sau ɗaya a shekara, ladabi shi ne a sanar da tsofaffin abokan hulɗa tun kafin su kawo aiki, a faɗa musu dalili a taƙaice, kada su ji sabon kuɗi a ranar karɓar kaya.

Mas'alar kafin alƙalami tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin mutane suna cakuɗa abu biyu. Karɓar wani ɓangare na lada, ko kuɗin kayan aiki, tun da farko, wanda za a cire daga jimla a ƙarshe, babu wanda ya hana shi, kuma ina ganin mai sana'ar da yake sayen katako ko kayan miya na biki da kuɗin aljihunsa, yana jiran a biya shi daga baya, ya mai da kansa mai ba da rance ba tare da ya yi niyya ba. Inda saɓani yake shi ne a sharɗanta cewa in mai ba da aiki ya fasa, abin da ya bayar ya zama na mai sana'a kyauta. Wannan shi ne abin da Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hana shi, kuma a kansa mazhabarmu take. Imamu Ahmad ya halatta shi, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta bi ra'ayinsa a zamanta na Burunai a 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Abin da ya fi kusa da kuɓuta, kuma ya fi saurin karɓuwa ga zukata, shi ne a yi magana tun farko cewa in an fasa, za a cire abin da aka riga aka kashe da ladan aikin da aka riga aka yi, a mayar da saura. Mai ƙunshi ko mai ɗaukar hoto da aka kama wa rana, ta mayar da wasu saboda ita, tana da hujja mai ƙarfi ta neman a biya mata wannan rana, amma hujjar ba ta da amfani sai in an faɗe ta a ranar da aka kama, ba a ranar da aka fasa ba.

Ba na tsammanin akwai abin da ya zubar da darajar masu sana'a a idon jama'a kamar saɓa alkawarin lokaci, har ya zama in an ce tela ya ce gobe, kowa sai ya yi shirin jibi ko mako mai zuwa. Yara nawa ne suka yi kuka da safiyar salla, iyaye nawa ne suka kwana a ƙofar shago a daren jajibere! Dalilin ba ƙeta ba ne. Kunya ce dai ta sake dawowa ta wata ƙofa, tare da tsoron kada a mayar da arziki, sai mutum ya karɓi kala ɗari biyu a azumi alhali hannunsa da na yaransa ba za su wuce ɗari da ashirin ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: ya san kala nawa yake gamawa a yini, ya ninka da kwanakin da suka rage, ya cire kwanaki saboda rashin wuta da rashin lafiya da rasuwar da ba a sa mata rana, in adadin ya cika ya rufe littafi, ko da kuwa goma ga azumi ne. Wanda aka ce masa babu wuri zai ji zafi na yini ɗaya, ya nemi wani, baɗi kuma ya kawo da wuri. Wanda aka karɓi yadinsa aka hana shi sawa ranar idi ba ya mantawa, kuma ba ya yin shiru. In kuwa jinkiri ya auku bisa larura, sai mai sana'a ya riga mai kaya kira, ya faɗi gaskiyar abin da ya faru da sabuwar rana, gama kashe waya da sa yaro ya ce maigida ya fita sun fi jinkirin kansa ciwo. Aikin gaggawa kuma, wanda zai sa a ture na wasu ko a kwana ana yi, yana da kuɗinsa dabam, kuma bai halatta a ture na wanda ya riga ba sai in akwai sarari a cikin ajalinsa.

Duk wannan ba ya tsayawa sai da rubutu. Abin mamaki ne a ce al'ummar da take karanta aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, wadda take umarni da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, zuwa ajalinsa, ita ce take ɗaukar fito da takarda a matsayin rashin yarda. Ba a bukatar lauya ko hatimi. Littafi na naira kaɗan ya isa, a rubuta suna da irin aiki da jimlar kuɗi da abin da aka bayar da saura da ranar karɓa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya aika saƙon murya ta WhatsApp bayan an rabu, ya maimaita abin da aka yi ittifaƙi a kai, ɗayan ya amsa. Amfanin wannan ya fi bayyana a aikin jinga, inda aka yi ciniki a kan ɗaki biyu da falo, sa'an nan mai gida ya riƙa zuwa da yamma yana cewa a ƙara taga nan, a matsar da ƙofa can, a ɗan ja katanga, kowanne a ganinsa ƙaramin abu, alhali a jimlace sun cinye mako guda. Magini mai hankali ba ya ƙi, ba ya kuma yin shiru. Sai ya ce: Alhaji, za a yi in Allah ya so, amma wannan ba ya cikin maganarmu ta farko, zai ci kaza, zai kuma ƙara kwana kaza. A babban aiki kuma gara a raba biya bisa matakai, kaso a harsashi, kaso a linta, kaso a rufi, domin kada ɗayansu ya riƙe wa ɗaya abu mai yawa a kowane lokaci.

Ya kamata mai sana'a ya san nauyin da shari'a ta ɗora masa game da kayan mutane. Mazhabar Malikiyya ta yi fice da hukuncin cewa mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a, kamar tela da marini da maƙerin zinariya, yana lamunin abin da aka bar masa ya tafi da shi ko ya ajiye a shagonsa, in ya ɓace ko ya lalace, ko da lada yake yi ko kyauta, sai fa in hujja ta tsayu cewa abin ya halaka ba da sakacinsa ba. An gina wannan a kan maslaha, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba su ganin abin da ke faruwa bayan sun juya baya. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya shiga ƙarƙashin wannan, har da ƙarin amana ta abin da ke cikin wayar na hotuna da saƙonni. Saboda haka hikima ce a duba kaya a gaban mai su kafin a karɓa, a auna yadi, a nuna tsagewar gilashi, a faɗi abin da ake tsoro. In kuskure ya auku daga hannunsa, ya faɗa, ya gyara ko ya biya. Sau da yawa mutumin da aka yi wa haka yakan fi wanda ba a taɓa ɓata wa ba riƙo da mai sana'ar.

Neman aiki ba sai na tsawaita a kansa ba, domin har gobe babu tallan da ya kai rigar da aka gani a jikin wani a masallacin Juma'a aka tambaya wa ya ɗinka. Facebook da TikTok da WhatsApp sun faɗaɗa wannan ne kawai, sun kuma yi wa matan da ke sana'a a cikin gida babban amfani, tun da yanzu mai ɗinki ko mai girki tana nuna aikinta ba tare da ta ɗora wa yarinya talla ba. Sharaɗi biyu ne: kada a sa hoton aikin wani a ce na kai ne, domin algus ne, kuma kada a sa hoton mutum, balle matar aure ko amarya, sai da izininsa. Wanda ya kawo maka mai aiki kuma a gode masa, in dillali ne a ba shi la'adarsa bisa sani.

Saura dangi da abokai da masu bashi, waɗanda su ne suka fi karya mai sana'a, domin su ne ba a iya yi wa magana. Taimakon ɗan'uwa sada zumunci ne, yana da lada, amma sai ya zama mutum ya yi shi da niyya, ya san iyakarsa. Ya fi kyau ya ce: Yaya, kuɗin aikin kaza ne, na bar miki rabi, ko na bar miki duka, ki kawo na kaya, domin ta san ƙimar abin da aka yi mata, shi kuma ya san sadaka ya yi, da a ce ya yi aikin yana ƙunci, ya jefa shi ƙarshen layi, zumuncin da ake gudun ɓatawa ya ɓaci ta hanyar jinkiri. Game da bashi, mai sana'a yana da ikon ya riƙe aikin har a cika masa, kuma kada ya saki kaya a kan hoton tiransifa sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa. Wanda yake cikin ƙunci na gaskiya a jinkirta masa, haka aka umarce mu. Amma mai hali da yake ja wa ma'aikaci rai, yana cewa a dawo gobe alhali kuɗin suna aljihunsa, ya tuna cewa hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci zalunci, wani kuma a cikin Bukhari ya ambaci wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi lada, a cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Akwai kuma mutumin da ba a gamsar da shi, wanda kowane aiki sai an warware an sake, kowane biya sai an yi sallama sau bakwai a ƙofarsa, yana kuma wulaƙanta yaran shago. Irin wannan ba dole ba ne a ci gaba da shi. A gama masa abin da ke hannu da kyau, a karɓi haƙƙi, in ya sake kawowa a ba shi haƙuri cewa babu sarari, ba tare da zagi ko yaɗa sunansa ba. In haƙƙi ya maƙale, a fara da tunatarwa a asirce, sa'an nan a sa wanda yake jin nauyinsa, sa'an nan shugabannin ƙungiyar sana'a ko mai unguwa ko Hisba. In duk wannan bai yi ba, akwai kotunan shari'a, akwai kuma kotunan ƙananan basussuka da aka fara kafawa a Legas a 2018, Kano da wasu jihohi suka bi baya, inda mutum yake iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba. Kuma a kowace daga cikinsu abin da za a fara tambayarsa shi ne nawa aka yi ciniki, yaushe, wa ya shaida, ina kuma rubutun.